Ƙwallon Kwando ta Wayar Kawu Sale

Wata Alhamis ce cikin watan Fabrairun 2013, bayan sallar la'asar, a lokacin da Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu a Saudiyya. Ina zaune a saman benen gidanmu da ke unguwar Utaibiyya a Makka, na jingina da tankin ruwa saboda inuwarsa, wayar Umma na manne a kunnena, wankin da aka aike ni shanyawa yana gefe ban taɓa shi ba. Shekarata goma sha ɗaya. Daga cikin wayar ina jin ƙarar takalma a kan katako, da bugun ƙwallo, da usur, da samari suna kaɗa ganga. A can ɗaya ɓangaren, ƙanen Umma, Kawu Sale, yana zaune a zauren wasan wata kwaleji, ya ɗaga wayarsa domin in ji. Sai zauren ya ɗauki sowa, alamar ƙwallo ta shiga. Na ƙara danna wayar a kunne ina jiran mai sanarwa ya faɗi wanda ya jefa. Daidai nan sautin ya dushe, kamar an ɗora wa wayar yatsa. Bayan daƙiƙa uku ko huɗu ya dawo garau. Haka ya yi ta faruwa duk sanda aka ci, kuma a ranar ne na fara lura cewa sautin ba da kansa yake dushewa ba.

Ta waya nake bin wasan domin babu wata hanya. A wancan lokacin mata ba sa shiga wuraren kallon wasa, kuma a makarantarmu ta 'yan mata babu darasin motsa jiki. Duk abin da na sani game da ƙwallon kwando a gida na koye shi, wajen yayana Mansur. Ya girme ni da shekara takwas, kuma tsawonsa ya kai sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar kicin. Umma kan ce buhun shinkafar gidanmu a ƙafafunsa yake ƙarewa. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma mu 'yan iƙama ne, wato masu takardar izinin zama, duk da cewa a Makka aka haife mu, kuma gurbin kwaleji bai samu ba. Sai ya kama aiki a wani shagon jakunkuna a Kudai, kusa da tashar motocin alhazai, yana ɗaure kaya da igiya da leda. Idan ya tashi ya wuce wani fili a unguwar Shisha ya yi wasa har magariba. A can ne kocin wata kwaleji, wanda kowa ke kira Kaftin, ya gan shi. Yaya ya dawo gida ya shaida wa Baba cewa an gayyace shi ya riƙa buga musu a matsayin baƙo. Baba tela ne, kuma ba ya son abin da ba shi da takarda. Iƙamominmu a cikin leda suke, cikin gwangwanin biskit a saman kwaba, kuma yakan sauko da su ya duba kamar rubutun zai iya canjawa. Tambaya ɗaya ya yi: "An yarda da haka?" Yaya ya ce an yarda. Kawu Sale ya gyaɗa kai.

Saman benen nan shi ne tsakar gidanmu. Gidajen unguwarmu a cushe suke, ɗaya kan ɗaya a jikin dutse, lunguna masu matakala waɗanda motar ruwa ba ta iya shiga sai an ja dogon tiyo. A ƙasa ɗakuna biyu ne da falo, da na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani kamar injin markaɗe. A sama kuwa akwai sarari. A nan nake shanya wanki, in tsince shinkafa, in baza kuka da daddawar da alhazai ke kawo wa Umma daga Kano don kada su yi fumfuna. A nan ne ni da 'yan matan maƙwabta muke carafke da ƙwallayen dabino, muna kora tattabarun da ke son sauka a kan shanya. Kuma a nan ne Yaya ya yanke gindin wani tsohon bokitin roba ya kafe shi a bango da ƙusa uku. Da safe, idan ya dawo daga sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, kafin ya wuce shago, yakan tsaya ya gyara mini tsayuwa. "Gwiwar hannu a ƙasa, ido a bakin bokiti, kada ki kalli ƙwallon," haka yake cewa. Sau biyu ƙwallon ta tsallake katanga ta faɗa kan rumfar mai kantin kayan masarufin da ke ƙasa, sau biyun kuma Yaya ne ya je ya ba da haƙuri ya ce shi ya jefa. A idona babu wanda ya kai shi a duk Makka.

Kawu Sale kuwa shi ne masanin wasanni a danginmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya taɓa yin shekaru yana tuƙi a gabashin ƙasar, a wata unguwar ma'aikata da Amurkawa suka yi yawa, kuma a can ya kamu da son besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda ana zagaya fili a guje. Ya dawo da wata ƙatuwar safar hannu ta fata, wadda daga baya Umma ta mayar abin sauke tukunya. Sana'arsa a Makka ɗaura dish ce, kuma ya san inda zai juya kwanon ya kamo tashoshin da ba kowa ke da su ba. Sai dai lokacin da na yi wayo ya riga ya daina kallon besbol ɗin ƙwararru. Ya ce tun da ya ji cewa waɗansu manyan 'yan wasan allurar ƙarin ƙarfi suke yi, duk wanda ya doki ƙwallo ta yi nisa sai ya tsinci kansa yana kallon damtsensa maimakon ƙwallon. Ya koma kan ƙwallon kwandon kwalejojin Amurka, wadda muke kallon maimaicinta da rana a falonmu, amma nan ma bai bar mu mun ji daɗi ba. Ya nuna wani dogon yaro a talabijin ya ce, "Wannan kin gan shi, Uwata? Tambaye shi ina ƙofar ajinsu take." A cewarsa waɗansunsu wasu ne ke rubuta musu jarrabawa. Idan alƙali ya busa usur a minti na ƙarshe, sai ya yi murmushi ya ce, "An yi waya daga sama." Ban san ko gaskiya yake faɗa ba. Abin da na sani shi ne a wajensa na koyi cewa abin da ake nunawa daban, abin da ke faruwa daban.

Shi ne ya kawo dabarar waya. Layinsa da na Umma na kamfani ɗaya ne mai barin kira ya daɗe, don haka duk Alhamis ɗin da ake wasa sai ya kira, ni kuma in hau sama. Da kunne na zana zauren a kaina. Na gane bambancin ƙarar ƙwallon da ta daki ƙarfe da wadda ta wuce raga sumul. Na gane usur ɗin laifi da na hutun rabin lokaci. Na kuma gane cewa Kawu, duk da yatsansa, mutum ne mai zumuɗi. Idan wasa ya yi zafi yakan manta, sai in ji muryar mai sanarwa tar a lasifika, da Larabcinsa mai jan wasali, yana kiran suna guda: Majid, mai lamba goma sha huɗu. Majid ya jefa daga nesa, Majid ya ƙwace, Majid ya tare. Wasa bayan wasa ban taɓa jin an ce Mansur ba. Amma da magariba Yaya zai shigo da jakarsa a kafaɗa, yana ƙamshin man zafi, ya ce wa Umma yau maki ashirin da biyu ya ci.

Na tambayi Kawu ranar wata Juma'a, yana kan kujera a saman bene yana warware wayar dish. Bai ɗago ba ya ce lasifikar zauren ce ba ta da kyau. Na ce ai sunan Majid yana fita da kyau. Ya ce mai sanarwar Balarabe ne, sunayenmu wahala suke ba shi. Amma ko ni da nake aji biyar na san Mansur sunan Larabawa ne, akwai Mansur uku a layinmu kuma biyu daga ciki 'yan ƙasa ne. Da ya ga ban tafi ba sai ya ce, "Uwata, ke dai ba a ba ki abu ki ci ki yi shiru." Na sauka na koma kicin, na gama haɗa lissafina kafin in gama wanke kofuna. Yaya ba ya shiga wasa. A benci yake zama, wataƙila shi ke miƙa wa 'yan wasa ruwa da tawul, kuma Kawu yana toshe wayar ne don ya rufa masa asiri.

Daga nan na zama mai bincike. Idan Yaya ya shiga wanka sai in buɗe jakarsa. Babu rigar ƙungiya, babu lamba, sai takalma da safa da kwalbar ruwa. Wannan ya ƙarfafa zargina, domin wane ɗan wasa ne ba shi da riga? Sai dai safar kullum jiƙe take sharkaf, kuma ƙasan takalman yana ta cinyewa ta wajen babban yatsa. Na ce a raina wajen ɗumama jiki ne. Wata rana na ga karce a wuyansa, irin na farce. Na ce igiyar shago ce. Duk abin da ya saɓa wa hukuncin da na yanke sai in nema masa wani dalili, kuma ina jin kaina mai wayo. A lokaci guda kuma zuciyata ta koma kan Majid. Na rubuta lamba goma sha huɗu a bayan littafin lissafina. Idan na jefa ƙwallo a bokiti sai in sanar da kaina da muryar mai lasifika, in ja sunan yadda yake jansa. Har na taɓa ce wa Yaya, muna cin abinci, "Kai ma ka riƙa kallon yadda Majid yake yi mana, ko ka koyi wani abu." Ya tsaya da loma a hannu, ya dubi Kawu, sannan ya yi wata gajeruwar dariya ya ce zai gwada. Na ɗauki dariyar a matsayin kunya.

Abin da ya fi ci mini rai ba zaman bencin ba ne. Da ya ce mini ba a saka shi, da na taya shi jin haushin Kaftin. Ƙaryar ce ta tsaya mini, musamman yadda yake faɗinta hankali kwance, har yana kwatanta yadda ya juya ya jefa. Na daina tashi in karɓi jakarsa. Da safe idan ya hau sama ya kira ni mu yi jifa, sai in ce ina da aikin makaranta. Ya yi ta kira kwana huɗu ko biyar, daga nan ya daina. Umma ta lura ta ce, "Rabi, me yayanki ya yi miki?" Na ce babu komai. Ina ajiye maganar ne sai ranar da zan sami hujjar da ba zai iya musawa ba.

Ranar ta zo a watan Afrilu, a wasan kusa da na ƙarshe. Zafi ya fara shigowa, siminti yana ƙona tafin ƙafa, na shimfiɗa kwali na zauna. Wasan ya yi kunnen doki har kashi na huɗu, kuma Kawu ya manta da yatsansa gaba ɗaya. Majid, Majid, Majid. Ana saura 'yan mintuna na ji wani irin tim, sai usur mai tsawo, sai ganga ta tsaya. Mai sanarwa ya ce Majid ya faɗi, ana roƙa masa sauƙi. Na ji Kawu ya yi salati da wata muryar da ban san shi da ita ba, sannan layin ya katse. Na kira sau uku bai ɗauka ba. Na zauna a kan kwalin ina kuka saboda wani yaron da ban taɓa gani ba.

Bayan magariba, an shimfiɗa leda an ajiye tiren shinkafa, sai ga su. Yaya ya rataya hannu a wuyan Kawu, ƙafarsa ta hagu ba ta taɓa ƙasa, idon sawun ya kumbura ya yi suntum. Umma ta miƙe tana salati. Baba ya tambayi abin da ya faru, Yaya ya ce a wasa ne, ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar wani. A tunanina a matakala ya gurɗe, kuma yanzu har ciwon Majid yake so ya ara.

"Baba, ba a wasa ya ji ciwon nan ba," na ce. "Majid ne ya faɗi, da kunnena na ji. Shi Yaya tun da aka fara ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunansa ba."

"Rabi, rufe mana baki," in ji Umma.

Baba ya tsame hannunsa daga tire. Ya dubi ƙafar, ya dubi Yaya, sannan ya juya wajen Kawu.

"Sale, mutum nawa aka ɗauko daga fili yau?"

Kawu ya yi ta kallon ledar cin abinci. "Ɗaya ne, Malam."

"Mansur, da wane suna kake shiga?"

Ni kaɗai ce a falon ban gane ba, kuma sai da na ga Yaya ya sunkuyar da kai sannan abin ya faɗo mini a tare: safar, takalman, karcen, dariyar.

Majid na gaske ɗalibin kwalejin ne mai rajista. Kakanninsa Hausawa ne da suka zo tun da daɗewa suka sami takardar zama 'yan ƙasa, shi ma baƙar fata ne kamarmu, kuma hoton katinsa ƙarami ne, babu mai tsayawa ya ƙura masa ido. Kaftin ne ke riƙe katin da rigar a bayan motarsa, ya miƙa wa Yaya a bakin zaure, ya karɓe bayan wasa. Shi ya sa da aka ce a kai shi asibiti Yaya ya ƙi, domin a can za a nemi kati, kuma bai san wanne zai nuna ba. Baba ya saurari wannan duka bai ɗaga murya ba. A shekarar ana ta binciken takardu a gari, kusan kowane mako sai mu ji an tafi da wani. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina garin nan ban taɓa amsa sunan wani ba. Idan aka tsare ka da katin da ba naka ba, ba kai kaɗai za a ɗora a jirgi ba." Sannan ya ce daga ranar babu shi babu zauren, babu filin Shisha. Yaya ya ce saura wasa ɗaya kawai. Baba ya mayar da hannunsa cikin tire.

Wani mai ɗori Badamagare da ke bayan layinmu ne ya gyara ƙafar. Mako uku Yaya yana kwance a falo, ni ce mai kai masa ruwa da abinci. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ɗauke mini kai ba, yana cewa sannu idan na ajiye. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kaftin ya kira sau biyu, daga nan bai sake ba. Ƙungiyar ta buga wasan ƙarshe ba da shi ba, aka ba su lambobin yabo na matsayi na biyu. Kawu ya nuna mini hoton a wayarsa. A layin gaba akwai wani gajeren yaro mai ƙiba da tabarau, rigar mai lamba goma sha huɗu ta sauko masa har gwiwa, yana murmushi da lambar yabo a wuya.

Na ce wa Kawu, shi da ya daina kallon besbol saboda ha'inci, shi da ke zargin yaran kwalejin Amurka da alƙalansu, yaya aka yi yake riƙe wa Yaya jaka? Ya daɗe yana juya wayar a hannu. "Waɗancan suna da suna, suna da ƙasa, suna da komai, kuma suka ƙara da zamba," ya ce. "Shi wannan me yake da shi, Uwata? Tsawo kawai." Ban gamsu ba. Daga ranar idan ya kunna wasa a falo sai in tashi. Duk ɗan wasan da aka kira sunansa sai in ji ina tambayar kaina ko nasa ne.

Yanzu abubuwa sun canja. Mata suna shiga filayen wasa, 'yan mata suna jefa ƙwallo a makaranta da malamarsu, kuma duk wasan da mutum yake so yana cikin wayarsa da hoto, ana maimaita masa kowane jifa ta kusurwa uku. Nakan buɗe in kalla na 'yan mintuna in rufe. Yaya Mansur yana tuƙa motar alhazai daga Kudai, ya tura kujerar baya har ƙarshe don gwiwoyinsa, yana da 'ya'ya biyu da ba su san ya taɓa riƙe ƙwallo ba. Na taɓa ba shi haƙuri bayan shekaru, ya ce ai gara da aka yi haka kafin a kama shi, kuma wataƙila gaskiyarsa ne. Sai dai ni nakan tuna yadda zauren nan yake ɗaukar sowa, da yadda nake tsalle ni kaɗai a saman bene ina tafi. Wata huɗu na yi ina yi wa yayana tafi ban sani ba, kuma ranar da na sani ita ce ranar da ya daina. Har yau ban taɓa ganinsa yana wasa ba.